Duka da Jin Rauni: Abin da Doka Ta Ce

An rubuta wannan bayani ne domin Hakimai da malamansu, gama su ne talakawa kan fara kawo wa kuka in an yi faɗa a kasuwa ko a kan iyakar gona.

Asalin Dokar

A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira masana shari'a, shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. Bisa shawararsu aka tsara dokar laifuffuka da ake kira Final Kot. Majalisa ta zartar da ita a 1959, ta soma aiki ran 30 ga Satumba, 1960. Daga baya waɗansu jihohi sun sake fasalinta, kamar Kaduna a 2017, waɗansu kuma tun daga 2000 sun kafa dokokin shari'ar Musulunci masu ƙisasi da diyya. Hukuncin da za a ambata nan na dokar 1959 ne. Lalle kowane malami ya duba ta jiharsa.

Laifi Iri Uku

Na fari, barazana. Wanda ya ɗaga sanda ko ya dunƙule hannu, har wani ya tabbata duka zai sha, ya yi laifi ko bai taɓa shi ba. Amma baƙar magana kaɗai ba ta kai wannan ba. Sashi na 265 ya yanka ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko tara.

Na biyu, rauni, watau jawo wa mutum ciwo a jiki ko cuta. Shi ma shekara 1 ne iyakarsa. In da wuƙa ne, ko wuta, ko guba, ya kai shekara 3.

Na uku, mummunan rauni. Sashi na 241 ya lissafta shi: makantar da ido, kurumtar da kunne, nakasa gaɓa, ɓata fuska har abada, karya ƙashi ko haƙori, da duk raunin da ya kusa kai mutum lahira, ko ya hana shi sana'arsa kwana 20. Ɗaurinsa har shekara 7, da tara. In da makami ne, har shekara 14.

Tsokana mai tsanani da ta zo farat ɗaya takan rage hukunci, amma ba ta wanke mai laifi. Kare kai halal ne, muddin ba a wuce gwargwadon bukata ba.

Diyya

Ɗaurin mai laifi ba ya biya wa manomi damina da ta wuce shi yana kwance. Saboda haka sashi na 78 ya ba kotu ikon sa wanda aka kama da laifi ya biya wanda ya cuta. Ban da wannan, mai rauni yana iya kai ƙara dabam, ya nemi kuɗin magani, da hasarar sana'a, da wahalar da ya sha. Amma kotu da shaida take aiki, doka kuma ta yanka wa irin wannan ƙara lokaci. Kada a yi jinkiri.

Aikin Hakimi da Malaminsa

A fara kai mai rauni asibiti, sa'an nan a sanar da 'yan sanda. Malami ya rubuta rana, da wuri, da sunayen shaidu, da abin da aka yi dukan da shi, da ranar da mutumin ya koma aiki, gama a kan kwana 20 ɗin nan hukunci ke juyawa daga shekara 1 zuwa 7. A gargaɗi dangi su adana takardar likita da rasit na magani.

Sulhu tsakanin maƙwabta abu ne mai kyau, amma Hakimi ba alƙali ba ne. In an fasa ido ko an karya ƙashi, kada a rufe magana a zaure don kunyar wani babba. Talakan da ya ga an danne hakkinsa, shi ne gobe kan ɗauki sanda da kansa.