Zomon da ke ta atishawa da majina: ba mura ba ce, kuma a kiyayi kafson mutane



A shirinmu na noma da kiwo na makon jiya, wata baiwar Allah ta kira mu daga wani ƙauye kusa da Falanko. Ɗanta ɗan lakwal ne, yana kiwon zomaye a bayan ɗaki, da kuɗinsu yake sayen kaye da biro, wani lokaci har takalmin salla. Ta ce tun shigowar ɗari babbar zomanyar take atishawa, hancinta kullum a jiƙe. Suka ce mura ce, za ta wuce. Wata ya cika ba ta wuce ba, sai ma wasu daga cikin ƴaƴan suka kama. Da abin ya dame ta, ta ɓare kafso irin wanda ake ba yara in tari ya kama su, ta zuba musu a ruwan sha. Kafin mako ya zagayo zawo ya kashe huɗu. Ta ce da ni: "Malam, murar ce ta kashe su, ko maganin?"

Lokacin shiri ya ƙare ban ba ta amsa yadda ya kamata ba, shi ya sa na rubuta a nan. Inna, Allah ya mayar muku da alheri. Bisa yadda kika bayyana, maganin ya fi kama da wanda ya yi ɓarnar. Amma bari mu fara daga hancin.

Zomo ba ya yin mura irin tamu, wadda za ta kwana bakwai ta tafi da kanta. In majinarsa ta daɗe, yawanci wata ƙwayar cuta ce mai suna Pasteurella multocida. An sa mata sunan Louis Pasteur, masanin nan na Faransa da ya yi aiki a kanta a 1880 lokacin da take kashe kaji. Makiyayanmu na Damargu sun san danginta, don ita ce ke jawo pastorelos a shanu, tumaki da raƙuma, kuma cibiyar LABOCEL da ke Yamai tana haɗa allurar rigakafinta domin dabbobin garke. Wannan allura ba don zomo aka yi ta ba, kada wani ya ce a tsikara masa ragowar ta tunkiya. Akwai wasu ƙwayoyin ma da ke shiga hancin zomo, kamar Bordetella, amma Pasteurella ce uwar tafiyar.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne zomaye da yawa suna ɗauke da ƙwayar a cikin hanci alhali lafiyarsu lau. Uwa tana ba ƴaƴanta tun suna ƙanana. Wani ya ba wani ta atishawa, ta kaskon ruwa, ko wajen barbara. Tana nan kwance, sai ranar da jikin zomon ya yi rauni ko cikin hancin ya ƙuje, sannan ta tashi.

To me ke tashe ta a gidajenmu? Na farko shi ne zarnin fitsari. Saboda tsoron muzuru, maciji da shaho, yaranmu suna gina akurkin laka su toshe kowace kafa, da ɗari ya zo kuma a ƙara rufa buhu a ƙofa. Fitsarin zomo ya taru a ƙasa yana fitar da iska mai yaji, zomon kuma hancinsa bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, dare da rana ita yake shaƙa. Ga gwajin da ba ya cin ko dala: da sassafe, kafin a buɗe, ka durƙusa ka sa kanka a ƙofar akurkin. In idonka ya yi yaji ko ka ja da baya, ka sami rabin amsar. Ni na gwada a akurkin ɗan ƙanena, wallahi sai da na yi hawaye.

Sai ƙura. Hazon hunturu ba mu da iko da shi, amma busasshiyar dusa da ake zubawa a kasko, da harawar da ta yi shekara a kan rumfa ta yi fumfuna, waɗannan hannunmu ne ke kai su. Haka hayaƙin murhu, in an jingina akurkin da madafa wai don zomaye su ji ɗumi. Sannan cunkoso, da haihuwa kan haihuwa, tunda cikin zomanya kwana 31 ne ko kusa da haka, wasu kuma da ta haihu sai su mayar mata da namiji. Sai wahalar hanya: zomon da aka ɗauro cikin kwali a bayan babur daga kasuwar Tanut ko Bakin Birji da rana tsaka, kada ka yi mamaki in ya fara atishawa bayan ƴan kwanaki. Ba lalle mai sayarwa ya cuce ka ba.

Zafi ma yana cikin lissafi. Zomon gida asalinsa daga Sifen da Fotugal yake, inda yake haƙa rami ya fake. Ba jinsi ɗaya ba ne da zomon dajin da yara ke kora a gonakinmu, wanda ke haihuwa a fili, ƴaƴansa su zo da gashi ido buɗe; su biyun ba sa ma haihuwa da juna. Na gida da zafi ya wuce digiri 30 ya fara jigata. Ku da kanku kun san abin da watan Afrilu ke yi a Damargu, balle a ƙarƙashin kwano.

Abu ɗaya da ya kamata kowane mai kiwo ya riƙe: da hanci kaɗai zomo ke numfashi. Mu in hanci ya toshe sai mu buɗe baki. Shi in ka gan shi ya ɗaga kai sama, baki a buɗe yana neman iska, to abin ya kai maƙura.

Yadda za ka gane inda ciwon ya kai, fara da ƙafafun gaba. Zomo yana goge hancinsa da su kamar kyanwa, don haka ko hancin ya yi kamar a bushe, ka juya cikin ƙafafun. In gashin ya dunƙule ya yi ɓawo, majina ce. Majina mai ruwa-ruwa da atishawa lokacin cin dusa na iya zama ƙura kawai, in an gyara wurin sai ta ɗauke cikin ƴan kwanaki. Fara ko rawaya mai kauri kuwa, ƙwayar cuta ce. In ƙofar hanci ɗaya ce tak ke zuba, a yi tunanin ƙaiƙayi ko tsinken ciyawa ya maƙale, ko kuma haƙori. E, haƙori. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu, tauna ciyawa ce ke cinye su. Zomon da aka saba masa da dusa da ragowar tuwo, saiwar haƙorinsa na iya tura sama ta danne hanyar hawaye, sai ido da hanci su yi ta zuba, kuma kowane irin magani ka ba shi ba zai daina ba.

In aka ƙyale ciwon, ba ya tsayawa a hanci. Yana hawa ido ya kawo kwantsa. Yana shiga cikin kunne, sai ka ga zomo ya karkace wuya yana zagaye, mutane su ce iska ce ta taɓa shi. Yana sauka huhu, yana fitar da ƙurji mai ruɓa mai kauri a haɓa ko ƙarƙashin fata, a mace kuma yana kama mahaifa ta daina ɗaukar ciki.

Aikin farko ba ya buƙatar kuɗi. A ware mai atishawar nesa da sauran, da nasa kaskon ruwa, kuma a riƙa ciyar da masu lafiya tukuna sannan shi, a wanke hannu da sabulu. A kwashe ƙasar akurkin da ta sha fitsari, a zuba sabon rairayi. A huda tagogi daga sama a sa musu waya, iska ta riƙa ratsawa ta saman kansu ba tare da ta buge su kai tsaye ba. Kasake a wanke su da ruwan jabel, a ɗauraye, a shanya a rana. Dusa a yayyafa mata ruwa, gwargwadon abin da za su cinye nan take, harawa a kaɗe ta a waje kafin a ba su. Hancin kuma a goge shi da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, don zomon da ba ya jin ƙanshi yakan bar ci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: zomon da ya wuni ko ya kwana bai ci ba, bai yi kashi ba, cikinsa ya fara tsayawa, a nemi malamin dabbobi a ranar.

Yanzu maganar kafso, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan. A cikin hanjin zomo akwai wata babbar jaka cike da ƙananan halittu masu amfani, su ne ke narkar masa da ciyawa. Magunguna irin su amoksisilin, ampisilin, penisilin, linkomisin da eritromisin, in suka bi ta baki, sai su kashe masu amfanin su bar miyagu su yi yawa su saki guba. Sakamakon shi ne kumburin ciki, zawo, mutuwa. Su ne kuwa suka cika tiren masu tallan magani a kowace kasuwa. Abin da ya warkar da ɗanka, ko kazarka, yana iya zama ajalin zomonka. Akwai waɗanda jikinsa ke ɗauka, kamar enrofloksasin da haɗin sulfa da tirimetopirim, amma awon yana bin nauyin zomon, kuma shan yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye. Wannan aikin ma'aikatan kiwo ne na Tanut da Belbeji, ko mataimakin likitan dabbobi da ke zagaya ƙauyenku. Ku kai musu zomon ko ku nuna musu hotonsa a salula, ku kuma faɗa musu duk abin da kuka riga kuka ba shi.

Ba zan ɓoye muku ba, ko da maganin da ya dace, sau da yawa ciwon lafawa yake, ya dawo da wani ɗarin. Ra'ayina, kuma na san yaro ba zai so jin sa ba: zomanyar da ta sha magani sau biyu majinar ta dawo, kada a ƙara barin ta ta haihu, don duk ƴaƴanta za ta ba. In don nama da kasuwa ake kiwon, gara a yanka tun tana da jiki. Sai dai a jira kwanakin da malamin dabbobi ya faɗa bayan magani na ƙarshe, a dafa naman sosai, kuma in an tarar da ruɓa a huhu ko ƙuraje a jiki, a binne. In kuma yaron ya shaƙu da ita har ya sa mata suna, a bar masa abarsa, amma a keɓe. Ƙwayar ba ta cika kama mutum ba, sai ta cizo ko yakushi, don haka in hakan ta faru a wanke wurin da sabulu, in ya kumbura a je likita.

Akwai wata cuta dabam da bai kamata a haɗa ta da wannan ba. In zomaye masu ƙiba suka fara faɗuwa matattu cikin kwana ɗaya ko biyu, wasu da jini a hanci, wannan annobar zubar jini ce ta zomaye, wadda aka fara ganowa a Sin a 1984, ta kuma ɓulla a Najeriya a 2020. Ba ta da magani. Kada a kai ragowar kasuwa, a binne gawarwakin da zurfi, a sanar da ma'aikatar kiwo. Saboda ita da majinar duka, duk sabon zomo, na saye ne ko na aron barbara, ya yi wata guda shi kaɗai kafin a haɗa shi da na gida.

Ku kuma ƴan'uwa da ke waje, da yaro zai turo muku saƙon murya a WhatsApp cewa zomayensa ba lafiya, kada ku aiko da sunan wani magani da kuka ji a can. Ku tambaye shi akurkin yana da taga? In babu, kuɗin da za ku turo ya tafi ga waya, katako da kuɗin babur zuwa wurin malamin dabbobi.

Innar da ta kira mu ta ce saura zomaye uku, har da uwar. Na roƙe ta ta zubar da ruwan maganin, ta ba su tsabtataccen ruwa da harawa mai kyau, ta ware uwar, ta kuma sake kiran mu a shiri mai zuwa mu ji yadda suka kwana.