Gandun Dajin Kamuku: Dukiyarmu Ce, Amma Wa Ke Gadinta?

In ka tsaya a bakin titin Kachia da sassafe, wajen Sabon Tasha ko Unguwar Boro, ba za ka daɗe ba sai ka ga mota shaƙe da buhunan gawayi ta shigo gari. Haka abin yake a Kakuri da Television da Gonin Gora. Mukan tsaya mu yi ciniki, mu ɗora buhu a kan babur mu kai gida, ba mu taɓa tambayar mai gawayin daga wane daji aka sare itacen ba. To, 'yan'uwa, a wannan mako muna so mu bi sawun wannan buhu mu koma daji, domin akwai wata dukiya da jiharmu ke da ita wadda da yawa daga cikinmu ko sunanta ba su sani ba.

Sunanta Gandun Dajin Kamuku. Yana cikin ƙaramar hukumar Birnin Gwari, kimanin kilomita 120 yamma da Kaduna, kuma girmansa ya kai murabba'in kilomita 1,121. Tun a shekarar 1936 En'e ta keɓe shi a matsayin gandun daji, sa'an nan a 1999 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta mai da shi gandun ƙasa. Ya ci sunan Kamukawa ne, waɗanda su da Gbagyi suka daɗe suna zaune a wannan yanki suna noma da farauta da saƙa da ginin tukwane. Daji ne na doka da maje da kaɗanya da ɗorawa da taura, ga duwatsu manya, ga ruwan Dogon Ruwa mai zubowa daga kan dutse. Masana sun lissafa gwanki da kanki da gada da mazo da gwaggon biri a cikinsa, da tsuntsaye iri fiye da 170, har da burtu. A da giwaye ma sukan yi zirga-zirga tsakaninsa da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara, wanda suke iyaka da juna.

Ya kamata mu bambance, domin ba kowane gandu ne gandun ƙasa ba. Akwai gandun itatuwa, irin na Afaka da ke bayan Mando, ko na Nimbia a kudancin jiharmu, akwai kuma gandun namun daji, waɗannan duka a hannun gwamnatocin jihohi suke. Gandun ƙasa kuwa na Tarayya ne. Na farko shi ne na Tafkin Kainji a 1979. A 1991 dokar soja mai lamba 36 ta ƙara guda biyar, wato Yankari, Gashaka Gumti, Tafkin Cadi, Kuros Riba da Tsohon Oyo. A 1999 doka mai lamba 46 ta shigo da Kamuku da Okomu, suka zama takwas. Daga baya, a 2006, Jihar Bauchi ta nemi a mayar mata da Yankari, aka kuwa mayar mata. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ƙara wasu goma, a cikinsu akwai Falgore na Kano, Alawa na Neja, da Pandam na Filato.

Hukuma guda ce ke kula da su daga Abuja, a ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli, kowane gandu kuma yana da shugabansa da dogarawansa masu kaki, waɗanda mutanen ƙauye har yanzu suke kira malaman daji. A takarda dokar ba ta da wasa: ba farauta, ba kiwo, ba noma, ba sare itace, ba cinna wuta. Wanda aka kama sai kotu.

Amma fa takarda daban, daji daban. Mutumin da kakanninsa suka yi shekara ɗaruruwa suna ɗiban zuma da ƙwarar kaɗanya a wuri, in aka wayi gari aka ce masa ya zama ɓarawo in ya taka wurin, alhali ba a ba shi aiki ba, ba a gina masa rijiya ko makaranta ba, to ba zai ɗauki gandun nan nasa ba. Zai ɗauke shi na gwamnati, kayan gwamnati kuwa mun san yadda mu 'yan Nijeriya muke yi da shi. Makiyayi ma da aka noma burtalinsa, ina zai nufa da shanunsa in ba cikin gandu ba? A ganinmu nan ne kuskure na farko ya faru. An shata iyaka, an manta da cewa maƙwabtan daji su ne masu gadinsa na ainihi, domin su ne suka san kowace hanya da kowane rafi, su ne kuma za su fara ganin baƙon ido.

Kuskure na biyu shi ne ƙaranci. Dogarawa 'yan ƙalilan, da tsofaffin bindigogi da motar da sau da yawa ba mai a cikinta, ba za su iya tsare daji mai faɗin Kamuku ba. Da gadi ya yi rauni, sai ɓarayin shanu suka mai da wurin maɓoya, har ya kai ga a 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa kuɗi aka tura sojoji, aka kuma ƙwato shanu masu yawa. Ba a daɗe ba ɓarayin shanu suka rikiɗe suka zama masu satar mutane. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin tsoro shekara da shekaru, sai da rakiyar sojoji ake bin ta, balle a yi zancen ɗaukar yaran makaranta a kai su kallon gwanki.

Wani zai ce, ai Birnin Gwari da nisa, mu da ke ƙetaren kogi ina ruwanmu? Ba mu manta ba. A watan Maris na 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin koyon aikin gandun daji ta Afaka, wato yaran da ake horarwa domin su kula da daji su ne aka kora cikin daji da bakin bindiga. Ranar 5 ga Yuli na wannan shekarar kuma aka shiga makarantar sakandare ta Bethel Baptist da ke Damishi, nan kusa da mu a kan hanyar Kachia, aka tafi da yara 121. Ikkilisiyoyinmu sun yi azumi, zumuntar mata sun yi kuka a gaban Ubangiji, iyaye sun sayar da gonaki da filaye, na ƙarshen yaran nan kuma sai da ya shafe fiye da shekara biyu kafin ya dawo. Dazuzzukan nan a haɗe suke, daga Zamfara zuwa Birnin Gwari, zuwa Neja, zuwa Chikun da Kajuru. Dajin da ba mai tsaronsa, wani zai tsare shi, kuma ba domin alherinmu ba. A ƙarshen 2024 gwamnatin jiha ta yi sulhu da 'yan bindigar Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin. Mun gode wa Allah, amma buɗe kasuwa ba shi ne gyaran gandu ba.

Kada kuma mu ce ba ya gyaruwa. A Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, mafarautan haure sun kusa ƙarar da giwaye. Daga 2014 ƙungiyar WCS ta shiga aiki tare da gwamnatin Bauchi, aka riƙa biyan dogarawa kuɗin sintiri a kan lokaci, aka kuma ɗauki mutanen ƙauyukan kewaye su riƙa ba da labari in giwaye sun doshi gonaki. Kisan giwa ya ragu ƙwarai, garken Yankari kuma yana cikin mafi girma da suka rage a ƙasar nan. A Gashaka Gumti, wanda shi ne mafi faɗi a Nijeriya, a 2017 hukumar gandun ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekara talatin da gidauniyar ANI, aka horar da dogarawa daga 'ya'yan yankin, aka zauna da makiyaya da sarakuna. Ba wani sihiri a ciki: a biya mai gadi, a jawo maƙwabci a jiki.

Mu koma kan buhun gawayinmu. Ba za mu ga laifin uwar gida ba. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, tana nan a bayan gidajenmu, amma ta shafe shekaru ba ta ba mu kananzir ba, gas kuma ya fi ƙarfin talaka. Da me za ta dafa tuwo? Sai dai gaskiya ita ce, itatuwa masu ƙarfi irin su ƙirya da marke su ne masu yin gawayi mai kyau, su ne kuma masu daɗewa kafin su girma. Abin da muke ƙonewa a sati guda, ya fi ɗan da muke goyo shekaru.

Littafin Farawa sura 2 ya nuna mana cewa aikin farko da Allah ya danƙa wa Adamu shi ne kula da gonar Aidan, tun kafin zunubi ya shigo. Littafin Firistoci sura 25 kuma ya umarci Isra'ilawa su bar ƙasa ta huta a kowace shekara ta bakwai. Mun sha jin wa'azi a kan zakka da baiko, amma yaushe rabonmu da jin wa'azi a kan waɗannan surori biyu? Bikin aure ko taron ƙara wa juna ƙarfi guda ɗaya a majami'a yakan cinye itace mota guda, ba wanda ya taɓa kawo maganar a zaman dattawa.

Abin da ke hannunmu ba kaɗan ba ne. Yawancin ikkilisiyoyin ECWA da HEKAN da Baptis da Katolika da Angilika a nan kudancin gari suna da filaye da makarantu, wasu ma har da gonaki a Kamazo da Maraban Rido. Zumuntar mata za su iya haɗa adashi su sayi murhu mai rage cin gawayi, ƙungiyar matasa kuma ta ɗauki nauyin dashen itace a harabar coci. Sa'ad da 'yan majalisarmu suka zo neman addu'a, kamar yadda suka saba in zaɓe ya ƙarato, bayan an ce amin sai dattawa su tambaye su nawa aka ware wa Kamuku a kasafin bana, dogarawa nawa ne kuma ke cikinsa. Lokacin dashe dai Yuni ne da Yuli, in ruwa ya zauna, rami kuma tun a watan Mayu ake haƙa shi.