Zabuwar da Ke Kwana a Silin

Duk wanda ya taɓa kiwon zabi ya san halinsu. Ko kyanwa ce ta gilma a bayan danga da tsakar dare, sai sun tashi gida da kwakwazo. To, ƙararrawar hayaƙi, ɗan farin abin nan mai kama da faifan rufe ƙwarya da ake mannawa a silin, zabuwa ce. Ta ji hayaƙi, ta ɓare baki, aikinta ke nan. Muna bukatarta ne saboda hanci yana barci tare da mai shi. Uwargidan da ke jin ƙaurin tuwo tun daga zaure da rana, idan barci ya yi nauyi sai hayaƙi ya cika ɗaki bai tashe ta ba. Ga tagoginmu mun ɗaure su da ƙarafa don ɓarayi, ga wutar lantarki da kan dawo ƙarfe biyun dare ta tarar da dutsen guga a jone.

Iri biyu aka fi samu. Ta farko da ido take aiki. Ka tuna ɗakin da rana ke leƙowa ta hudar kwano: zaren hasken ba ya fitowa sosai sai an fara shara, ƙura ta tashi, sai ga shi ɓaro-ɓaro. Haka cikinta yake. Wani ɗan haske na wucewa a duhu, ga ido a gefe da ba ya hango shi. Hayaƙi na shiga sai ya watsa hasken, idon ya gani, ihu ya tashi. Ita ce gwanar wutar da ke ci a ɓoye, irin ta katifa, ko ta maganin sauron da ya faɗi kan kushin yana ta turnuƙi babu harshe.

Ta biyun tana ɗauke da ɗigon wani sinadari, amerisiyam, wanda ƙwayar gero ma ta fi shi girma nesa ba kusa ba. Shi ke sa 'yar wutar lantarki ta riƙa bi ta cikin iska, kamar ruwa a hanyar lambu. Hayaƙi ya shigo kamar yayi ya tare hanya, ruwa ya ragu, mai lambu ya ɗaga murya. Wani masani a Suwizalan, Walter Jaeger, ya tsinci dabarar a shekarun 1930: na'urar gano iskar guba yake haɗawa ta ƙi aiki, da ya kunna taba sai allura ta motsa. Tana da sauri a kan wuta mai harshe, ta takarda ko fetur, amma gajen haƙuri gare ta, suyar albasa kaɗai kan tayar mata da hankali. Ni dai idan ɗaya zan saya, mai ido zan ɗauka, don wutar dare ta fi yawan zuwa da sanɗa. A duba kwali a ga lambar EN 14604 ko UL 217, kamar yadda ba a yarda da mudun da ba a san awonsa ba.

Sai wurin rataya. Ɗaga murfin tukunya ka ga inda tururi ke taruwa. Silin shi ne murfin ɗaki, can hayaƙi ke fara zuwa, don haka a sa ta wajen tsakiya. Kusurwa kududdufi ce, iska a kwance take. Kusa da fanka ko taga kuwa kore hayaƙin za a yi kafin ta shaƙa. Kowane ɗakin kwana ya samu tasa, haka baranda, haka kowane hawa in bene ne. Akwai masu amsa wa juna kamar zakarun asuba, ɗaya ta yi cara sauran su ɗauka. A Sukotlan doka ta wajabta irinsu a kowane gida tun 2022. Tsakaninta da murhu a bar kamar mita 3, kicin kuma a ba shi mai jin zafi maimakon hayaƙi.

Nan ne aka fi kuskure. Amarya ta kunna turaren wuta, ƙararrawa ta ɗauki kuka, maigida ya hau kujera ya zare batir ya jefa a durowa. An yanka zabuwa ke nan don ta cika surutu. A buɗe taga, ko a danna maɓallin shiru in tana da shi, amma batir ya zauna.

Abincinta ba shi da yawa. Duk ganin sabon wata a danna maɓallin gwaji a ji muryarta. Batir a sauya sau ɗaya a shekara, kuma shigowar hunturu lokaci ne mai kyau, tunda a nan gobara ta fi yawa. In ka ji tana "tsit" jefi-jefi kamar tsakon da ya ɓace wa kaza, yunwa take ji, kada a kai gobe. Buji kan toshe mata hanci, gizo-gizo ya yi yana a ciki, sai a share da burushi mai laushi. Mai fenti kuma a ja masa kunne, shafa mata fenti takunkumi ne. Bayan shekara 10 a sauke ta gaba ɗaya, ranar da aka ƙera ta na rubuce a bayanta. Tsohon jaki ma yana haniniya, kaya ne ba ya iya ɗauka.

Akwai ɓarawon da wannan zabuwa ba ta gani: iskar gubar da ke fita daga gawayi da janareta, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ita tata ƙararrawar daban ce. Gidan da ke da janareta ko ake jin ɗumi da gawayi ya sayi wannan ma, janareta ya zauna a fili nesa da taga, kaskon garwashi kuma a fitar da shi tsakar gida kafin a rufe ƙofa.