Shirin Intabiyu Na Aikin Malamin Gona

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da yawanmu daga Dambatta, Bichi ko Kunci muka fito, inda gona ke manne da gona, babu sauran dajin sarewa. Gonar uba kuwa, in an raba ta gado, ba ta ci da kowa. Tilas waɗansunmu su nemi aiki, misali na malamin gona a hukumar KNARDA.

To, ran intabiyu takardar shaida kaɗai ba ta isa ba, don duk wanda aka kira yana da irinta. Masu tambaya so suke su tabbata ka taɓa yin aikin da hannunka. Saboda haka sai ka shirya tun daga gida. Ka san hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce, buhun takin zamani kuma kilo 50. Ka iya bambanta NPK da Yuriya. In aka tambaye ka maganin ƙuduji, kada ka karanto littafi kamar aku. Faɗi yadda kuke yi a gonarku: a tuge shi kafin ya zubar da iri, a yawaita takin gida, a sauya gero da gyaɗa ko wake.

In an yi hutu, gwada amsoshin nan a gaban mahaifinka. A ganina ya fi kowane kwamiti tsanani.