Acca da Ciwon Suga a Kudancin Kaduna

A Kafanchan da Kagoro da Zonkwa an daɗe ana cin gwaten acca da yakuwa da gauta. Yau burodi da lemun kwalba da taliyar leda sun mamaye kwanon gida, alhali su ne ke saurin ɗaga sukarin jini, ga kuma gishirin da ke tsananta hawan jini. Gwate kuwa yana da ganye da yawa, yana riƙe ciki, sukarinsa na shiga jini a hankali.

Wasu za su ce acca ta yi tsada, ga wahalar surfe. Gaskiya ne, sai dai kuɗin magani duk wata ya fi nauyi. Ita ma acca sitaci ce, don haka mai ciwon suga ya ci daidai gwargwado, ya ci gaba da shan maganin da likita ya rubuta masa.