Manyan Kifayen Tafkin Daji

Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar Kagoma ya san yara su kan tafi rafin bayan gari da 'yar fatsarsu, su wuni, su komo da 'yan kifaye kamar yatsa. Ya kuma san jifa jifa a kan sami wani magidanci ya fita tun da asuba, sai da almuru a gan shi tafe da tarwaɗa kamar cinyar mutum. Mutane su kan ce sa'a gare shi, waɗansu ma su ce yana da asiri. Gaskiyar magana ita ce ya fi yaran nan tafiya ne, ya kuma san ruwan da ya ke zuwa. Nufinmu a nan mu bayyana dalilin da ya sa manyan kifaye ke zama a tafkunan da ke nesa da gari, da yadda a ke kama su, da abin da ke ƙarar da su. Yawancinmu ƙauyuka za mu tafi koyarwa in mun gama, saboda haka ya kamata mu san amsar da za mu ba yara in sun tambaya.

Yadda tafkin daji ke samuwa

Fadan Kagoma tana cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a, a kan hanyar Kafanchan zuwa Kwoi, nan ne kuwa mazaunin Kpop Gwong, watau sarkin mutanen Gwong. Ƙasa ce mai duwatsu da ƙoramu da kurmi, damina kuwa tana da tsawo, tun daga wajen Afrilu har Oktoba. Sa'ad da ruwa ya cika, ƙoramu su kan haɗu da manyan rafuka, rafukan kuma su gangara zuwa koguna. A lokacin nan ne kifi ya kan yi tattaki sama, yana bin ruwa har cikin ciyawar da ambaliya ta rufe, don ya zuba ƙwai.

To, da rani ya shigo sai rafi ya yanke. Inda ya ke da yashi ya bushe sarai, amma inda ruwa ya daɗe yana haƙar ƙasa, kamar gindin dutse ko kwanar rafi, sai a bar wani kwarmi mai zurfi wanda ba ya ƙafewa. Wannan shi mu ke kira tafkin daji. Duk kifin da bai koma kogi da wuri ba, a nan ya ke tarewa har wata damina. Wanda ya ke so ya ga yadda ruwa ke haƙa irin wannan kwarmi, sai ya je ya dubi gindin Matsirga kusa da Kafanchan, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse.

Abin da ke sa kifi girma

Abu na fari shekaru. Mutum in ya kai munzalinsa sai tsawonsa ya tsaya, amma kifi yana ƙaruwa muddin yana da rai, ko da ya ke girman ya kan ragu da tsufa. Watau babban kifi tsohon kifi ne. A rafin bayan gari ba a barin kifi ya ga damina biyu, don kullum da mai fatsa ko mai koma a kansa. A tafkin da sai an yi tafiyar sa'a uku a ƙasa kafin a kai, ba mai zuwa sai jefi jefi. Nisan nan shi ne katangar da ke tsaron kifin har ya tsufa.

Na biyu abinci. Itatuwan kurmi suna zubar da ganye da 'ya'ya da ƙwari cikin ruwa. Ƙananan kifaye da kwaɗi da ƙaguwa suna cin wannan, babbar tarwaɗa kuma tana cinsu.

Na uku mafaka. Inuwar kurmi tana sa ruwa ya yi sanyi, ruwa mai sanyi kuwa ya fi mai zafi riƙe iskar da kifi ke shaƙa. Ga kuma saiwoyi da kogunan dutse inda kifi zai ɓuya da rana.

Irin kifin da a ke samu

Kada mai karatu ya tafi da tsammanin giwan ruwa. Ita giwan ruwa tana iya kai mita 2, amma tana bukatar ruwa mai faɗi mai isasshiyar iska, irin na Kwara da Binuwai. Manyan da ke jure wa ƙaramin tafki su ne tarwaɗa da ɗan'uwanta ramboshi. Dukansu ba su da ɓawo a jiki, suna da gashin baki guda 8 waɗanda su ke laluben abinci da su cikin duhu. Hanyar bambanta su mai sauƙi ce. Filafilin bayan tarwaɗa ɗaya ne dogo, tun daga kusa da kai har kusa da wutsiya. Na ramboshi kashi biyu ne, na gaba mai ƙaya, na baya kuwa tsoka ce zalla. A manyan koguna ramboshi ya kan wuce mita 1, amma a tafkin daji wanda ya sami mai kilo 5 ya yi babban kamu.

Abin da ya ba su wannan juriya wata halitta ce a cikin kansu, bisa gurin da sauran kifaye ke numfashi da shi, mai kama da reshen itace. Da ita su ke shaƙar iskar sarari kamar mu. Don haka ne tarwaɗa ta ke rayuwa cikin caɓi inda karfasa za ta mutu, har ma ta kan ja ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da dare ta sake ruwa.

Yadda a ke kama su

Lokacin da ya fi shi ne daga ƙarshen sanyi zuwa bazara, sa'ad da ruwa ya ja baya. Cikin tsananin hunturu kifi ba ya cin abinci sosai. Da dare su ke kiwo, saboda haka almuru da asuba su ne lokutan jefa ƙugiya.

In ka isa, kada ka yi garaje. Nemi inuwa ka zauna shiru kamar rabin sa'a kana duban ruwa. Tun da ya ke tarwaɗa tana tasowa shan iska, za ka ga inda ruwa ke ɓulɓulowa, girman zoben da ta bari kuma zai nuna maka girmanta. Ka taka ƙasa a hankali, gama kifi yana da wani layi a gefen jikinsa wanda ke jin motsin ruwa, takun ƙafa a gaɓa kuwa yana isa gare shi. Kada kuma inuwarka ta faɗa kan ruwan. Masu magana sun ce kifi na ganinka, mai jar koma.

Kayan aiki ba su da yawa: sandar gora mai ƙwari, da igiyar roba mai kauri, da babbar ƙugiya, da 'yar dalma wadda za ta kai koto ƙasa. Koton kuwa tana, ko ƙaramin kwaɗo, ko hanjin kaza, ko ɗan kifi. Babbar ƙugiya tana da amfani biyu, tana riƙe babban kifi, ƙanana kuma ba su iya haɗiye ta. Ka jefa kusa da saiwa ko gindin dutse, ka bar koton ya kwanta.

In ka ji an taɓa, ka dakata. Babbar tarwaɗa ta kan ɗanɗana tukuna, sa'an nan ta ɗauka ta yi gaba. Sai igiya ta miƙe za ka fizga. Daga nan dabara ta fi ƙarfi. In ta ja ka sassauta, in ta tsaya ka jawo, amma ka hana ta shiga cikin saiwoyi, don can ne igiya ke tsinkewa. Kada ka naɗe igiyar a hannunka, tana yanka har ƙashi. In ta gaji ta zo gaɓa, ka kama ta ta bayan kai, ka kiyayi ƙayoyi biyu da ke gefen wuyanta, gama sukansu yana da zafi ƙwarai. In ka sa ta cikin jiƙaƙƙen buhu za ta kai gida da rai. In kuwa kwana za ka yi, sai ka yi mata banda.

Akwai kuma abin kiyayewa. Kada mutum ya tafi shi kaɗai. A sanar da mai unguwa ko dagaci, don waɗansu ruwaye suna da masu su da al'adunsu, su ne kuma za su gaya maka ko hanyar lafiya ta ke. Kada a yi ta kutsawa cikin ruwan da ke kwance ba dalili, don a nan ne dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya ya ke. Da farkon damina kuma kada a kwana cikin kwarin rafi, gama ruwan da aka yi a kan tudu ya kan sauko ba sallama.

Abin da ke ƙarar da su

Tafkin daji kamar rumbu ne wanda aka yi shekaru ana cikawa, amma ana iya kwashe shi rana ɗaya. Tun dā waɗansu su kan daka ganyen magimfa su zuba a ruwa, kifi ya bugu ya taso. Daga baya aka shiga zuba maganin ƙwari irin su Gamalin 20, wanda ya fi magimfa mugunta nesa. Yana kashe babba da ƙarami, da kwaɗi da ƙaguwa, ya cuci wanda ya ci kifin, da shanu da mutanen da ke shan ruwan a ƙasa. Waɗansu kuma suna tace ruwa da gidan sauro, wanda ko ɗan kifin da aka ƙyanƙyashe jiya ba ya bari. Dokar Nijeriya ta kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, ta 1992, ta hana kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki. Amma ɗan sanda ba ya kwana a kurmi, sai mutanen wurin ne za su iya tsare ruwansu.

Ga lissafin da ya kamata kowane malami ya riƙe. Tarwaɗa mace mai nauyin kilo 1 tana iya zuba ƙwai wajen 50,000 a lokaci guda, yawan ƙwan kuwa yana ƙaruwa da nauyinta. Watau manyan nan su ne iri. Kifayen da yara ke kamawa a bayan gari, da yawansu 'ya'yan waɗanda ke ɓoye a daji ne, ambaliya ta watsa su. Wanda ya zuba guba a tafkin daji daidai ya ke da manomin citta da ya sayar da irinsa duka.

Yadda waɗansu suka yi

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A gabashin Amurka da Kanada akwai wani kifi da su ke kira tirawut na ƙorama, mai koren baya da jajayen ɗigo. Kifin ruwan sanyi ne, in zafin ruwa ya wuce digiri 20 sai ya shiga wahala, shi ya sa ba mu da shi a nan. A ƙananan ƙoramu bai cika wuce tsawon tafin hannu ba, manyansa sai a tafkunan cikin daji da manyan koguna. Mafi girma da aka taɓa kamawa da ƙugiya, a Kogin Nipigon na Kanada fiye da shekara 100 da suka wuce, nauyinsa laba 14 da rabi ne, watau wajen kilo 6 da rabi. Masu nemansa su kan ɗauki ɗan kwalekwale a kafaɗa su ratsa daji da shi. A Jihar Maine hukuma ta keɓe waɗansu tafkuna, ta hana a kai hanyar mota kusa da su fiye da rabin mil. A 2005 kuma ta yi dokar da ta hana sa ɗan kifi mai rai a ƙugiya a tafkunan da kifin ya ke ɗan asali, don kada baƙon iri ya kuɓuce ya mamaye ruwan. Masunta da yawa can su kan auna kifin su mayar da shi.

Mu komo gida. Bikin kamun kifi na Argungu, a Jihar Kebbi, ya samo asalin shahararsa ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934. A 2005 kifin da ya ci gasa nauyinsa kilo 75 ne, a 2016 kuma UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Sirrin girman kifin nan shi ne ba a su a ruwan Matan Fada sai ranar biki, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsaronsa. Mutanen Maine da Kabawa ba su yi shawara da juna ba, amma hanya ɗaya suka bi: a bar ruwa ya huta.

Aikin malami

Malamin ƙauye yana da baki wajen yara da iyayensu. Yana iya roƙon masunta su riƙa kawo kamunsu makaranta, yara su auna tsawo da nauyi, su rubuta wata da wurin da aka kama. Wannan darasin lissafi ne da na sanin halitta gaba ɗaya, bayan shekara biyu ko uku kuma littafin zai nuna ko kifin ƙaruwa ya ke ko raguwa. Yana iya kai wa dattawa shawara uku. A bar su a farkon damina sa'ad da kifi ke da ƙwai. A hana guba da gidan sauro sam. A kuma keɓe tafki ɗaya ko biyu waɗanda ba za a taɓa ba sai ranar da gari ya yarda. Shi kuma mai fatsa, in ya kama ɗaya babba ya isa miya, in ya kama mai cikin ƙwai ya cire ƙugiya a hankali ya sake ta. Rigakafi ya fi magani, gama tafkin da aka kashe da guba ya kan yi shekaru kafin a sake ganin babban kifi a cikinsa.