Gidan Amumune: kwana shida da ba a ƙidayawa

A Gidan Amumune, kamar sauran garuruwan gundumar Mayahi da maƙwabciyarta Tasawa, da an gama ɗaure dammunan hatsi an kai rumbu, sai maza su fara sulalewa. Wasu su nuhi Maraɗi, wasu Kano ko Legas, wasu su bi hanyar Agadas. Ɗan cin rani sai damina ta kawo jiki yake komowa. Ɗan kasuwa ya leƙo gida kwana uku ya juya. Malamin lakwal da anka tura nesa kuwa sai ƙarshen wata. In shekara biyu ta wuce amarya ba ta yi ko ɓatan wata ba, babu mai lissahin daren da mijin ya kwana ɗakinta. Ita ake kallo. Uwar miji ta fara habaici, a shiga neman saiwa da rubutun sha, daga nan sai maganar kishiya.

Jahar Maraɗi ba ta rasa haihuwa ba. Binciken ƙasa na shekarar 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa hiye da 7 a matsakaici, a Maraɗi kuwa lissahin ya wuce 8. Shi ya sa wadda ba ta samu ba take jin abin hiye da kowa: inda kowace mace ke da goyo, bayan da ba goyo ba ya ɓoyuwa.

Alhali kuwa ƙofar ɗaukar ciki ƴar ƙarama ce. Tsakanin haila da haila jikin mace ƙwai guda yake saki, ƙwan kuma ba ya wuce awa 24 da rai. Maniyyin namiji yana iya jiran kwana 5 cikin jikinta. In an haɗa, kwana 6 ke nan: biyar kahin sakin ƙwai, da ranar kanta. Likitoci biyu, Ogino a Japan da Knaus a Ostiriya, sun gano tsakanin 1924 da 1930 cewa ƙwan yana hita wajen kwana 14 kahin haila mai zuwa. Wadda hailarta ke zagayowa duk kwana 28, wajen rana ta 14 ne, in an fara ƙidaya daga ranar farko ta jini. Mai kwana 35 kuwa sai wajen rana ta 21. Don haka zancen nan da ya yaɗu, wai ciki ya hi shiga da zarar mace ta yi wankan tsarki, mai gajeren wata kaɗai yake yi ma daidai. Mai mata huɗu da ke raba kwana bibbiyu shi ma ya duba: kowace sai ta yi dare 6 kahin girki ya komo kanta, kuma kwanakin nata suna iya faɗawa cikin wannan tazara.

Matan ƙauye ba su da kalanda a bango, amma jiki yana da tashi. Wadda ta yi karatun Risala, ko ta ji daga bakin malama, ta san alamomi biyu na ɗaukewar haila: bushewa, da farin ruwan da ke biyo bayan jini. Wato duba kai ba baƙon abu ba ne gare ta. Abin da ba a gaya mata ba shi ne ta ci gaba da dubawa bayan ta yi wanka. Kwanakin farko za ta ji a bushe. Sannan wani danshi mai kauri, mai ɗanko, ya fara hitowa. Yana tsinkewa a hankali har ya zamo garai-garai, mai santsi, mai yauƙi kamar na kuɓewa ko farin ɗanyen ƙwai, wanda in an ja shi tsakanin yatsu biyu yakan miƙe bai tsinke ba. Wannan ruwa shi ke raya maniyyi, ya buɗe mishi hanya zuwa mahaifa. Ranar ƙarshe ta wannan santsi, ƙwai ya hita ko yana gab da hita. Bayanta ruwan ya koma kauri ko ya ɗauke.

Abin takaici, mata da yawa suna ɗaukar wannan ruwa ciwon sanyi ne, su sayi ƙwayoyi wurin mai tallar magani a kasuwa don su busar da alamar lahiyarsu. Bambancin a hili yake. Ruwan ciwo yana da wari ko ƙaiƙayi ko zahin hitsari, launinshi ɗorawa ko kore, kuma ba ya bin lissahin wata. Wannan na likita ne, mata da miji tare.

Akwai ƙananan alamomi: ciwon mara gehe guda na ƴan awoyi, ɗigon jini kaɗan, ƙaruwar sha'awa. Zahin jiki ma yana ɗagawa da kamar rabin digiri ko ƙasa da haka, amma bayan ƙwan ya riga ya hita. Kuma a ƙasar da zazzaɓin sauro ke yawo, ma'aunin zahi ba abin dogaro ba ne sosai.

Sanin nan yana da huska ta biyu, ta mai gudun kwanika. Shayarwa tana tsare mace muddin jariri bai kai wata 6 ba, nono kaɗai yake sha dare da rana, haila kuma ba ta komo ba. In ɗaya ya karye, kariya ta raunana, domin ƙwai yana iya riga jinin farko hitowa. Ga haka ne mace ke rantsuwa ba ta ga wata ba, ga ciki ya shiga. Jami'ar Jojtawun ta Amurka ta hito da wani carbi mai ƴaƴa 32 a farkon shekarun 2000, wanda fararen ƴaƴanshi 12 ke nuna rana ta 8 zuwa ta 19. Yana aiki ga mai watan kwana 26 zuwa 32 kaɗai, kuma cikin mata 100 masu amfani da shi yadda anka saba, wajen 12 suna ɗaukar ciki cikin shekara. Ba ya tahiya sai da yardar miji. Nijar ta halatta hanyoyin tazarar haihuwa tun 1988, a 2006 kuma anka mai da su kyauta a likitocin gwamnati. Mai son abin da ya hi carbi tabbas sai ta nemi ungozomar likita.

In mata da miji sun shekara suna haɗuwa cikin kwanakin da sunka dace ba a samu ba, ko wata 6 in matar ta wuce shekara 35, lokacin zuwa babbar likitar Mayahi ko ta Tasawa ya yi. Su tahi su biyu. Kusan rabin gidajen da haihuwa ta yi wuya, akwai hannun matsalar namiji a ciki, kuma awon maniyyi ya hi binciken mahaifa sauƙi da araha.